Takun da Queenie Ta Ara Masa

Za a rushe tsohon gidan shirya fim na bayan Landan, an kafa allon tunawa a ƙofa. Jikar Queenie Rudge ta karanta mata, sunan kowa na kai ban da na Queenie. Ita da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin ɗaukar sauti, tana taka tsakuwa da katako don a ji takun taurari a fim!

Da magariba Queenie ta kutsa ciki neman manaja. A doguwar baranda sai ga wani dattijo cikin kwat, yana warin tsohuwar hoda.

"Kai, ina shugabanku? Yau sai an rubuta sunana!"

"Haba Queenie, bakin nan har yanzu? Taho in kai ki."

Ya shige gaba. Takalminsa na dukan siminti, amma shiru kake ji. Tana ɗaga ƙafa ta bi shi, ƙara ta fito daga ƙarƙashinsa: ƙwas, da ɗan jan dunduniya. Ta tsaya, ƙarar ta ɗauke.

Takun da ta ƙirƙira wa jarumi Aubrey Finch ne, wanda aka binne tun ba ta yi furfura ba.

"Taka mana," ya ce, bai waiwayo ba. "Ni ai ban manta da ke ba."