Kullum Hoton Zulfa Ɗaya

Tun da maƙwabcinsa ya gina bene a Dutse, Ɗayyabu mai atamfa ya kasa zaune ya kasa tsaye. Irin mutanen nan ne da arzikin wani ke sa su zazzaɓi. Wata Laraba da hantsi ya rufe shagonsa na Jahun, ya nufi kogon wani boka a cikin duwatsu.

Fasassun madubai ne suka kewaye bangon. A tsakiya ga ƙwaryar baƙin ruwa a kan jan ƙyalle, wurin sai ƙarni yake.

"Ba na son rago," in ji bokan. "'Yarka ta fari za ka nuna wa duniya. Kullum hoto ɗaya a waya, da cikakken sunanta. Duk wanda ya rubuta tubarkalla a ƙasa, ka goge."

"Babu jini, Baba?"

"Mutanena ba jini suke sha ba, kallo suke ci."

Wawan har da dariya, wai ya samu banza.

Matarsa Hindatu ta ce, "Malam, ni da na haife ta kunya ba ta barin in kama sunanta, kai ka baza shi a duniya?" Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ga hoton 'yar tasa Zulfa tana wanka a baho, ga ta da kayan Islamiyya a ƙofar makarantarsu. Dubbai suka yi ta kallo, shago ɗaya ya zama huɗu.

Sai aka tsinci mahaifiyarsa a mace, hoton jikarta na haske a wayar da ke hannunta. Zulfa kuwa ta rame, ta daina wasa. Duk baƙon da ya kira sunanta a hanya sai ta bi shi kamar tunkiya. Ran nan bayan la'asar wani mai mota ya kira ta a ƙofar makaranta, ta buɗe ta shiga.

Hindatu ta zautu. Ɗayyabu yana kuka ya rasa dabarar nemanta in ba hoton ba, ya saka shi a cigiya. Jigawa kaf ta yaɗa. A makon nan ya yi cinikin da bai taɓa yi ba.

Yau yana yawo a kasuwar Shuwarin ba takalmi, yana fizge wayoyin mutane yana ihun su goge hoton. Kai mai kwaɗayi, ka ji tsoron Allah, ka rufa wa 'ya'yanka asiri. Har yanzu ba a ga Zulfa ba.