Hoton Malam Gambo

Magariba ta kawo jiki, Fatsuma tana kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo bisa kwanon ɗakin mijinta. Aka ɗauko shi jiƙe sharkaf da gansakuka, alhali rani ne.

Mijin, Malam Shu'aibu, malamin firamare ne a Yalwa. Shekara ashirin yana tara tsoffin hotunan marubuta, yana jera su a bango cikin gilashi. A ranar ya rataye wanda ya fi daɗewa yana nema, hoton Malam Gambo, marubucin waƙoƙi da ya rasu kafin ruwan tafkin Kainji ya haɗiye tsibirinsu. Ba a san da wani hotonsa ba sai shi.

Kwana huɗu ana jifa. A na biyar aka tarar da 'yarsu Binta durƙushe gaban hoton, tana kuka da muryar tsoho.

"Binta, Innarki ce," in ji Fatsuma.

Ba ta waiwayo ba.

Aka ɗauko Malam Garba, mai cire aljanu, daga Wara. Ya zauna, ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Maƙwabcin Gambo ne," in ji muryar. "A tsamiyar gidanshi nike. Shekara talatin yana rera waƙa ina saurare. Mutane sun tashi, ni ban tashi ba. Ruwa ya ci takardunshi, ya ci kabarinshi. Fuskarshi ma ta fara ɓace mini. Ku ba ni hoton."

"Ka saki yarinya tukuna."

"A kai shi ruwa, in sake ta."

Malam Shu'aibu ya dubi hoton, ya dubi 'yarsa. Ya ce, "Na ba ka. Amma ka bar mana waƙa ɗaya tasa."

Aljanin ya rera. Malam Shu'aibu yana rubutawa, hawaye na ɗiga kan takarda. Baiti bakwai ya yi, muryar ta karye.

"Sauran na manta," ya ce.

Washegari da la'asar suka shiga kwalekwale shi da Malam Garba, Malam Shu'aibu ya saki hoton a tsakiyar tafki. A daidai lokacin Binta ta yi atishawa a gida, ta nemi ruwan sha.

Da ya dawo ya karanta mata baitocin. Ta ce, "Baba, wa ya rubuta wannan? Me ya sa bai ƙarasa ba?"