Hoton Bassam Da Aka Yanke

Da yammacin wata Lahadi Alhaji Jumare ya shigo da Zinariya gidansa na Bromakoté, a tsakiyar Adjamé, tana rungume da jaka tana rarraba ido. Ko'ina mutane, mata na soya ayaba a bakin titi, yaran gbaka, wato ƙananan motocin hayar garin, suna ihun neman fasinja da yaren da ba ta ji. Shekarunta goma sha bakwai, 'yar aji biyar ce a wata sakandaren 'yan mata a Funtuwa, kuma ita kaɗai aka zaɓa daga makarantar a shirin musayar ɗalibai, ta yi wata tara a Abidjan tana karatu da Faransanci. Mahaifinta, Malam Ja'afaru, bai sa hannu ba sai da aka amince za ta zauna a gidan Alhaji Jumare, abokinsa na ƙuruciya, wanda ya shekara ashirin yana shigo da shinkafa ta tashar jiragen ruwa ta Treichville.

Mubina, 'yar autar gidan, sa'arta ce. Ta taho da gudu ta rungume ta tana zuba Faransanci, sai da uwarta Hajiya Huseina ta ce ta yi wa baƙuwa Hausa, sannan ta haɗa 'yar wadda take ji: "Ke 'yar'uwana ce daga yau." Aka yi dariya.

Ɗaki ɗaya aka ba su, gado ɗaya. Mubina ce ta koya mata hawa gbaka, da cin aceke, wato turararren garin rogo, da soyayyen kifi, da yadda ake ciniki a kasuwar Gouro ba a cuce ka ba. A makaranta kuwa yara suka sa mata suna Anango, yadda suke kiran duk ɗan Nijeriya, suna kwaikwayon maganarta. Ranar da wata ta fizge mata ɗankwali, Mubina ce ta shiga faɗan har aka kai su ofis. Tun daga ranar Zinariya ba ta ƙara ɓoye mata komai ba.

Gwajin farko maki huɗu ta ci cikin ashirin, ta dawo gida tana kuka tana cewa a mayar da ita Funtuwa. Sai Alhaji ya nemi Usama, ɗan Malam Abdulbaƙi mai makarantar allo a Treichville, wanda yake ajin ƙarshe a makarantar su Zinariya, ya riƙa zuwa duk Asabar yana yi mata bita. A tsakar gida suke zama, Hajiya na gefe tana tsince shinkafa. Shi yana gyara mata Faransanci, ita tana gyara masa Hausa, don shi ma haihuwar Abidjan ne, kasuwa ma sai ya ce "marshe". A wata na shida, yana tattara littattafai, ya faɗi wata magana da alama ya daɗe yana haddarta.

"Zinariya, idan kin gama karatu, ina so Babana ya je wurin Babanki."

Ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki. Da yamma suna wanke-wanke ta gaya wa Mubina, ta roƙe ta kada kowa ya ji. Mubina ta yi tsalle, ta yi rantsuwa, ta ce ita ce babbar ƙawar amarya.

Abin da Zinariya ba ta auna ba shi ne halin Alhaji. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya shiru. Kullum a wurin cin abinci sai ya ce Mubina ta dubi yadda Zinariya ke gaisuwa, ta dubi yadda take karatun Alƙur'ani. Da sakamakon zango na biyu ya fito, Zinariya ta zo ta uku, Mubina ta ashirin da bakwai. A gaban baƙi ya ɗaga takardun biyu ya ce, "Ke da aka haifa a cikin Faransancin, baƙuwa ta zo ta taka ki ta wuce." Zinariya ta ji kunya ƙwarai, ta bi Mubina ɗaki ta ba ta haƙuri. Mubina ta yi murmushi ta ce ba komai, ai ta saba.

Cikin watan Maris makaranta ta kai su yawon buɗe ido Bassam, bakin teku. Mubina ta zo da kyamara. Ita ta jera su su tara har da malamarsu, ta ajiye Usama a ƙarshe, ta tura Zinariya kusa da shi wai ba ta shiga hoton ba, sannan ta miƙa wa wani mai wucewa kyamarar, ta tsaya a ɗaya gefen ta dafa mata kafaɗa ta baya. Bayan kwana uku ta wanko, ta ba kowa nasa, ban da Zinariya da ta ce mata su biyu ɗaya ya ishe su.

An shiga hutun Ista, Alhaji ya tafi Lome kan harkar kaya, sai ga waya daga Funtuwa. Zinariya ta ɗauka da murna. Mahaifinta bai amsa gaisuwarta ba. Ya ce ta haɗa kayanta, ya riga ya rubuta wa masu shirin, ranar Alhamis za a sa ta a jirgi. Ta ce saura wata biyu jarrabawa, me ta yi? Ya ce, "Karatu na tura ki, ba zubar mini da mutunci ba," ya miƙa wa mahaifiyarta wayar. Ita ce cikin kuka ta faɗa mata: wani ɗan kasuwar goro ya kawo wasiƙa daga Hajiya Huseina, da hoto a ciki, Zinariya da wani saurayi su biyu a bakin ruwa, hannunsa a kafaɗarta.

Zinariya ta ajiye wayar. Hoto ɗaya tak aka taɓa ɗaukarta tare da Usama, kuma ta san ko hannun wa ne a kafaɗarta.

Ta tarar da Mubina a ɗaki tana shafa janfarce.

"Mubina, ina hotonmu na Bassam?"

"Ya ɓace."

"Ki dube ni ki ce ya ɓace."

Mubina ba ta ɗago ba. Ta hura farcenta ta ce, "Ai ke kika ce kina son shi. Ni ban ƙara komai ba."

Hajiya kuwa ta ƙi saurare. Ta ce ita da idonta ta ga hoton, kuma amanar 'yar mutane aka ba ta, ba za ta jira ciki ya fito ba. Ta hana ta fita ko ƙofar gida. Ranar Asabar Zinariya ta yini tana sauraren sallamar Usama, bai zo ba. Ta ɗauka ya ji labari ya janye jikinsa, wannan kuma ya fi komai yi mata ciwo. Ba ta san Mubina ta tare shi a tashar gbaka ta ce masa Zinariya na fama da zazzaɓi, Hajiya ta ɗage bita sai bayan hutu ba.

Haka ta bar Abidjan, babu jarrabawa, babu takardar shaida, babu sallama da kowa a ajinsu. A Funtuwa mahaifinta ya daina amsa gaisuwarta. Sau ɗaya ta durƙusa ta ce masa an yanke hoton ne, ya ce ta tashi ta ba shi wuri. Daga nan ba ta ƙara kare kanta ba. Ta koma makarantarta, inda aka ce sai ta maimaita aji, tana jin ana nuna ta ana raɗa.

A can Abidjan, da aka koma makaranta Usama ya ga ba ta nan, malamarsu ta gaya masa dalili. Ya ɗauki nasa hoton ya kai wa mahaifinsa, ya faɗa masa komai, har maganar da ya yi mata. Malam Abdulbaƙi ya same shi da faɗa kan ya yi wa 'yar mutane zancen aure ba da saninsa ba, sannan ya sa takalmi suka tafi sito wurin Alhaji Jumare, wanda ya dawo aka ce masa yarinya ta lalace an mayar da ita. Alhaji ya daɗe yana kallon hoton. Ya rufe sito da rana tsaka ya nufi gida, ya ajiye hoton gaban Mubina da uwarta. Hajiya ta dafe ƙirji ta fara salati. Mubina ta fashe da kuka.

"Papa, tun da ta zo gidan nan ka taɓa cewa na yi abu ɗaya daidai?"

Alhaji ya ɗaga hannu zai mare ta, sai ya sauke, ya zauna.

Bai yi waya ba. Da ƙafarsa ya je Funtuwa, shi da Malam Abdulbaƙi. Malam Ja'afaru ya haɗa guntun da aka aiko masa da cikakken hoton, ya ga malama, ya ga ɗalibai, ya ga mai hannun. Ya sa aka kira Zinariya, ya kasa haɗa ido da ita, ya ce ta yafe masa.

"Na yafe, Baba," in ji ta. "Abin da ya fi yi mini ciwo, ba ka tambaye ni ba."

Shekarar da ta rasa ba ta dawo ba. Amma ta gama sakandare, ta karanta Faransanci a jami'a, Usama kuma ya jira shekara shida yana aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa. An ɗaura musu aure a Funtuwa, aka kai amarya Treichville. Mubina ta zo da 'yarta a goye ta durƙusa ta nemi gafara, Zinariya ta ɗaga ta ta ce ta yafe har zuciya. Suna gaisawa a biki da suna, amma ba ta ƙara gaya mata sirrinta ba.

Wanda aka zalunta ya yi haƙuri, Allah ba ya barin sa, ko da abin da ya rasa bai dawo duka ba. Iyaye kuma su ji tsoron Allah: kada a yabi ɗan wani don a ƙona zuciyar na gida, kuma kada a yanke wa yaro hukunci kafin a zaunar da shi a ji ta bakinsa.