Mutum-mutumi a Tsakar Gidan Inna Kulu

"Ka maida shi, Musaddiq! Na ce maka ba ni zuwa!"

Mahbuba na tsaye bakin zaurensu a Goronyo, idanunta sun yi ja. Musaddiq ya sauke kwalin da ya ɗauro a babur tun daga Sakkwato. Mutum-mutumin inji mai dashen albasa ne a ciki, wanda su biyar har da ita suka yi wata bakwai suna haɗawa a kwalejinsu. Jibi za a yi gasa a Kano.

"Ba zuwa nic ce ki yi ba," ya ce a hankali. "Tun da kinka taho ya bar bin layi. Hagu yaka ja, hagu kawai... Mun sake taya, mun sake batir, banza. Ke kinka rubuta mai umurni, ke kaɗai ka gane shi."

Sati uku ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifiyarta, Inna Kulu. Mahbuba kaɗai ce ɗiya mace, kuma Inna ba ta yarda kowa ya juya ta ko ya ba ta abinci sai ita.

Baba, mahaifinta, ya ba da izini suka shiga tsakar gida, inda Inna ke kwance kan tabarma. Mahbuba ta ja layi da gawayi, ta kunna. Abin ya yi gaba kaɗan, ya karkata, ya daki randa.

Ta duba umurnin a kwamfutarta, ba kuskure. Ta kifa mutum-mutumin, ta bi wayoyin ɗaya-ɗaya da yatsa.

"Wa ya kwance idon da ka ganin layi?"

"Ni... goge shi niy yi."

"Kai! Ka juya wayoyin!"

Ta gyara. Ya miƙe sak bisa layin, ƙaramin hannunsa na sauka yana tashi. Dariya ta kuɓuce mata, rabonta da ita tun ranar da Inna ta faɗi.

"Kwana biyu ne kacal, abar ƙaunata," ya ce. "Aikinki ne. Mi zan ce in anka tambayi wadda ta yi shi?"

Mahbuba ta juya wajen Inna.

Inna ta motsa karkataccen bakinta da ƙyar. "Ta... hi, ɗiyata. Tahi."

Mahbuba ta yunƙura, sai ta ji an riƙe ta. Hannun Inna mai lafiya ya damƙe bakin zanenta gam.

Ta koma ta zauna, hawaye na zuba.

"Ka tahi, Musaddiq... Ku ciwo mana gasar."

Ya maida mutum-mutumin cikin kwali. "Da mun komo, magabatana na zuwa wurin Baba. Ko shekara nawa ce, ina jiranki."

Ya rungumi kwalin, ya yi sallama. Sai da ya fice daga zaure sannan yatsun Inna suka saki zanen.