Jan Maɓalli a Salular Inna

A bayan tashar motocin Gaya akwai wani yaro ɗan aji biyar. Ƙwallo ce abincinsa. Ko gishiri aka aike shi saye, sai ya tafi yana bugun gwangwani a hanya.

Yana cikin ƙungiyar ƙwallon yara ta unguwa, shi da abokinsa Safiyanu. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Tare suke zuwa lakwal, wato makaranta, tare suke dawowa.

Mai horar da su, Mushe Alfari, ya gaji da aika wa iyaye takarda. Wata ta ɓace a aljihu, wata ta zama ƙunshin ƙosai. Sai ya sa wa iyaye wata manhaja a salula. In za a tafi wasa, saƙo yakan zo. Wanda ya yarda ɗansa ya je sai ya danna koren maɓalli. Wanda bai yarda ba ya danna ja.

Safiyanu a hannun kakarsa yake, Kaka Ajuma mai suyar kifi. Salularta ƙarama ce, kira kawai take yi. Don haka ta shigo wurin uwar yaron.

"Saratu, ki sa mini jikana a taki," in ji ta. "Abin da na ce, shi za ki danna."

"To, Kaka. Ai wannan ba komai ba ne."

Wata Laraba saƙo ya zo. Za a je wasa garin Tounouga ranar Asabar. Yaron ya karɓi salula yana karanta sunaye. Safiyanu ne kapiten. Shi kuwa sunansa yana can ƙasa, cikin masu zaman benci.

Zuciyarsa ta yi zafi. "Ni fa na koya masa bugun kai," ya ce a ransa. "Yanzu shi ne kapiten, ni ɗan kallo?"

Inna, uwar yaron, tana wanke shinkafa, hannunta a jiƙe.

"Kaka Ajuma ta ce ta yarda," ta ce masa. "Danna kore a naka, ka danna a na Safiyanu."

Ya danna kore a nasa. Da ya zo kan sunan Safiyanu, ya saci kallon Inna. Ta juya baya. Ya danna ja, ya ajiye salular da sauri kamar ta ƙone shi.

"Ka danna?"

"Na danna, Inna."

Ranar Alhamis da Juma'a bai ji daɗin komai ba. Safiyanu kuwa bai da magana sai ta Tounouga. Duk lokacin da ya ce "kapiten", sai yaron ya haɗe rai. Kishi ne, kuma ya san kishi ne.

Da safiyar Asabar mota ta tsaya a bakin fili. Safiyanu ya zo da rigarsa wankakkiya da ƙaton ƙunshin soyayyen kifi. Kaka ce ta ba shi, ta ce a raba wa kowa.

Mushe Alfari ya duba salularsa, ya dube shi.

"Safiyanu, ai kakarka ta danna ja. Na riga na ba wani yaro, Hama, kujerarka."

Safiyanu ya yi tsaye. Idonsa ya cika da hawaye, amma bai yi gardama ba.

"Wataƙila ta sake shawara, Mushe. Tana tsoron in je kusa da kogi."

Ya juya ya miƙa wa yaron ƙunshin kifin. "Riƙe, ku ci a hanya. In an sa ka, ka ci mana ƙwallo ɗaya."

Yaron ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kifin ya yi masa nauyi a hannu.

"Mushe," ya ce da ƙaramar murya, "Kaka ba ta hana ba. Kore aka ce in danna. Ni na danna ja."

"Kuskure ka yi?"

"A'a. Da gangan. Haushi na ji da aka ba shi kapiten."

Safiyanu ya dube shi.

Mushe Alfari ya numfasa. "Ka kyauta da ka faɗi gaskiya. Amma mota ta cika, kuma Hama bai yi laifin da za a sauke shi ba. Yaya za mu yi?"

Yaron ya ɗauko jakarsa daga cikin mota. "Safiyanu ya hau kujerata."

Mota ta tashi, ya koma gida shi kaɗai. Da Inna ta ji labari, ranta ya ɓaci sosai.

"Ba Safiyanu kaɗai ka cuta ba," ta ce. "Tsohuwar nan amana ta ba ni, ka sa mata maganar da ba ta faɗa ba. Wuce mu je ka ba ta haƙuri."

Kaka Ajuma ta saurare shi tana juya kifi a kasko.

"Ɗan nan, ba ka ji an ce hassada ga mai rabo taki ce ba? Na yafe maka. Zauna nan ka riƙa gaya mini abin da salular ke cewa."

Ya zauna. Can sai saƙon Mushe ya shigo: Safiyanu ya ci ƙwallo ɗaya, da kai. Yaron ya yi tsalle har ya kusan ture kwanon kifi. Ya yi mamakin kansa, don murnar daga zuciyarsa ta fito.

Daga ranar Mushe ya sa doka. Duk wanda ya ari salular maƙwabci, da muryarsa zai aiko amsa.

Da la'asar Safiyanu ya dawo, ya leƙo ta kan katanga.

"Ka ɓata mini rai," ya ce. "Amma gobe akwai horo. In biyo maka?"

"Ka biyo mini, kapiten," in ji yaron.

Ya koyi cewa amana ba abin wasa ba ce, kuma ci gaban aboki ba ya rage wa kowa nasa rabon.