Shelar Aure ta Biyu

A ofishin Fasto Ambrose suka haɗu, bayan cocinsu da ke Sabon Gari, ranar Laraba da hantsi. Fankar sama fiffike biyu gare ta, tana juyawa kamar mai ɗingishi. Fankar Rifkatu ke kallo, ba ta kalli saurayinta Augustine ba.

Shekara biyu ke nan da soja suka koma bariki. Ƙanjamau ta addabi gari, har coci ya kafa doka: ba a shelar aure sai an kawo takardar gwajin jini. Lahadi uku a jere ake shelar. Amma sakataren coci ya san su tun suna yara, ya kuma san shekara uku ke nan da suka tsaya gaban ƙungiyar matasa suka yi alkawarin kame kai har ranar aure. Bai jira takarda ba, ya karanta ta farko. Mata har da guɗa.

Yau takardun suka iso. Jininta lafiya lau. A nasa an sami cutar, an ce ya koma asibiti ran Litinin.

Augustine ya ce tun kafin ya san ta ne, lokacin da yake bin jirgin ƙasa zuwa kudu. Muryarsa kamar mai karanta jarida.

"Kin tuna bara da na matsa miki, kika ƙi, na yi sati biyu ba na gaishe ki?"

"Na tuna."

"Da kin yarda, masoyiya... da yau takarda biyu ce iri ɗaya."

Ta nemi hawaye ba ta samu ba.

Fasto ya ce kafin Lahadi yana so ya ji ko a karanta shela ta biyu ko a bari. Bai ɓoye musu ba, in aka yi shiru kowa zai gane dalili.

A gidansu na Fagge, uwarta ta saurara tana tsince shinkafa. Ba ta zagi kowa ba. Ta ce ita dai ta binne miji, ba za ta binne 'ya da jika ba.

"Ke kaɗai gare ni, Rifkatu. In kin tafi, wa zai rufe min ido?"

Kwana uku Rifkatu tana zuwa shagon uwar a Kasuwar Singa, tana auna sukari, tana mantawa ko ta ci abinci. Ba ta je wurin Fasto ba.

Ran Lahadi sakatare ya gama sanarwa, ya rufe littafi, bai ambace su ba. Kawuna suka fara waiwaye. Sai Augustine ya miƙe. Ya ce shi ya hana a karanta. Ya faɗi abin da ke jininsa, ya roƙi samari su riƙe alkawarinsu, don alkawarin ne ya tsirar da Rifkatu. Waɗanda ke benci ɗaya da shi suka matsa nesa da shi a hankali.

Da aka tashi Rifkatu ta same shi a bakin ƙofa shi kaɗai. Uwarta na kallo daga nesa, ba ta kira ta ba.

"Ba zan iya barin Mama ba, Augustine."

"Na sani."

"Gobe ƙarfe nawa ne asibitin?"

"Takwas."

"Ka ci wani abu kafin ka fito. Zan jira ka a bakin titi."