Ruwan da ya Kwanta a Faranti

Wani kafinta yana kan tsani da ƙusoshi a baki, yana buga ragar sauro a tagar wani gida, sai ya ji murya daga ƙasa.

"Malam, in za ka sauko ka bi a hankali, kada ka taka min yara."

Ya leƙo. Ba yara ya gani ba, tukwane ne jere a gindin bango, kowace da tsiro kore shar. Mai maganar tana tsugune, hannunta duk ƙasa.

"Su ne yaran?"

"Su ne. Wannan daɗɗoya, wannan ciyawar lemo. Matar gidan ta ce sauro ya hana su sakat."

"Ai na gama da sauro. Ragata ta isa."

"In sun fito tsakar gida shan iska, ragar taka za ta bi su?"

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, ƙusoshin suka zube. Ta yi dariya, wushiryarta ta bayyana. Daga ranar kafinta bai sake zama lafiya ba.

Ita kuwa 'yar mai maganin gargajiya na bakin kasuwa ce. Shagon Babanta abin kallo ne: ganyen darbejiya shanye a kan tabarma, busasshen ɓawon lemo da ake turarawa da magariba, da kwalaben man shafawa da ita kanta take haɗawa. Baba mutum ne mai magana ɗaya. Duk wanda ya zo masa jiki na rawa, sai ya ce, "Ganye korar sauro yake yi. In zazzaɓi ya riga ya shiga, tafi asibiti a gwada jininka." Ba shi da dukiyar da ta wuce sunansa.

Kafinta ya zama ɗan shago na dole. Yau gyaran benci, gobe gyaran ƙofar da lafiyarta ƙalau. Da yamma kuma sai saƙo:

"Daɗɗoyata, ƙamshin man da kika ba ni ya kori sauro, amma ya jawo min tunaninki. Wannan wa zai kore shi?"

"Malam Raga, wannan ba shi da magani a shagonmu. Ka yi haƙuri da shi."

Baba dai bai sake da shi ba. Zuciyarsa tana ga ɗan amininsa, mai kantin maganin feshin sauro, shi yake so ya ba 'yarsa. "Wanda ya ce ragarsa ta isa, zai girmama sana'ar gidanmu?" in ji shi.

Ita kuwa ta zaɓi tukunyar daɗɗoyar da ta fi kyau ta miƙa wa kafinta. "Riƙe min ita. Yadda ka kula da ita, haka za ka kula da ni."

Da ta san irin mutumin da ta gaya wa haka, da ta rage. Ya kai tukunyar ɗakin Mamansa, ya aje a taga, ya sa faranti a ƙarƙashi don kada ruwa ya ɓata bango. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa. Ko jariri ba a yi masa wannan hidima.

Ba a jima ba Mama ta kwanta. Asibiti suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, suka ba ta magani. Masu zuwa dubiya suka fara cewa tun da ganyen nan ya shigo ɗakin sauro ya ƙaru. Mai feshi ya kwashi maganar ya kai wa Baba, har da ƙarin gishiri.

Baba ya ce, "Gidan da aka ɓata min suna, 'yata ba za ta shige shi ba."

Ta rubuta wa kafinta: "Da gaske ka ce ganyenmu ne ya kwantar da Mama?"

"Ban ce ba, Daɗɗoyata. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, sauron ya ƙaru."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba.

Sai dai fushi daban, tarbiyya daban. Ta roƙi Gwaggonta ta raka ta gaida mara lafiya. Bayan gaisuwa idonta ya sauka kan tukunyar. Ta matsa, ta ɗaga ta. Farantin cike yake da ruwa, 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil a ciki. Ta ɗaga labule, ga ragar tagar a yage.

"Malam Raga," ta ce a hankali, "ka rufe tagogin mutane, ka bar ta Mama a buɗe, sannan ka buɗe wa sauro gidan haihuwa."

Mama ta yi dariya har da tari. Shi kam bai yi ba. Ya ɗauki farantin da ruwansa, ya ratsa kasuwa da shi, ya durƙusa gaban Baba ana tsakiyar ciniki.

"Baba, ganyenka bai yi laifi ba. Ni na yi kiwon sauro da hannuna, a farantin nan da na sa ƙarƙashin tukunyar daɗɗoya. A gaban mutane aka ɓata sunanka, shi ya sa na zo in wanke shi a gabansu."

Baba ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya karɓi farantin ya watsar a rana.

"Wa ya ce ka shayar da ita haka?"

"Tsoro nake kada ta mutu, Baba."

Dattijon ya kawar da kai don kada a ga murmushinsa. "Tashi. Ka ce manyanka su zo. In za ka dawo kuma ka taho da guduma, tagata ma tana son raga."

Ranar da amarya za ta tare, Baba ya kira su biyu, ya miƙa musu tukunyar daɗɗoya, ba faranti.

"Ku shayar da ita, amma kada ku bar ruwa ya kwanta. Haka ɓacin rai, ku zubar da shi tun bai yi 'ya'ya ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Ango ya rungume tukunyar da hannu biyu. Amarya ta share hawaye, ta karɓe ta daga hannunsa.

"Kawo nan, Malam Raga. Ni zan riƙa ba ta ruwa."